Tambaya da Amsa: Leza za ta iya karɓar aikin wutar gas a sana'ar gilashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni ma'aikacin lab ne a wata makaranta anan Bauchi, kuma tun ina ɗalibi na ɗan koyi gyaran kayan gilashi, irin bututun gwaji da bakinsa ya ɓalgace, ko lanƙwasa bututu, ko haɗa guda biyu su zama ɗaya, duk da wutar gas da oksijin nake yi. Toh yanzu cika tukunyar oksijin ya zama aiki, ga tsada ga fargabar ajiye ta ɗaki ɗaya da tukunyar gas. Ƙanina yana da injin leza mai wat 60 a shagonsa wajen Wunti, da shi yake zana suna a kan katako da roba na kyaututtuka, shine nake ganin bidiyo a waya ana narka gilashi da leza ba hayaƙi ba harshen wuta. Dan Allah zan iya sayar da kayan gas ɗina in koma amfani da irin nasa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka sayar. Na fara da wannan ne saboda na san halinmu, kafin mutum ya kai ƙarshen amsa ya riga ya kira dillali.

Bidiyon da ka gani ba ƙarya bane, leza tana narka gilashi (leza fa ta haske, ba rezar wanzami ba, wani ya taɓa yi mini wannan tambayar da gaske). Injin ƙaninka irin wanda ake kira CO2 ne, wani masani ɗan asalin Indiya mai suna Kumar Patel ne ya ƙirƙiro shi a Bell Labs da ke Amurka a 1964, shekara 4 bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya a 1960. Hasken da yake fitarwa ido baya ganinsa, kuma abin mamakin shine gilashin da ni da kai muke hango waje ta cikinsa, ga wannan hasken bango ne, baya ratsa shi, yana shanye shi ne tun a fata, a kaurin da bai kai silin gashi ba. Toh anan matsalar take. Gilashi malalaci ne wajen miƙa zafi daga nan zuwa can, jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta ya fi shi sauri kusan sau 400, kaga kenan ɗigon da hasken ya taɓa ya yi jawur ya kumbura yana neman wurin miƙewa, maƙwabcinsa da ke nesa da shi da ɗan yatsa yana nan da sanyinsa bai ma san ana yi ba, sai kaji ƙas, ya dare. Daidai da kofin gilashin da aka zuba wa tafasasshen shayi da asubar hunturu.

Na gani da idona a wani shago irin na ƙaninka. Mun ɗora guntun bututun lab, mai shagon ya rage gudun injin ya ɗaga kan sama kaɗan don hasken ya bazu, muka rufe murfi muna leƙe. Wurin ya yi wani fari fat mai kashe ido, gefen ya ɗan lotsa kamar kakin zuma, muka fara murna, ana kashe injin ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga tsaga ta taso daga gefen ƙunar ta zagaye bututun tsaf kamar an yi mata layi da biro.

Sannan ga lissafi, wanda masu bidiyo basa faɗa. Gilashin kwalba da na taga yana fara laushi ne a wajen digiri 720, na lab irin su Pyrex kuwa sai wajen 820, kuma kafin ya saki jiki ka haɗa shi da ɗan uwansa sai ya haura 1,200. Abu kuma in ya kai digiri 1,000 zafi yake zubarwa ta ko'ina, sama da wat 10 a kowane faɗin santimita ɗaya tsaye ɗaya kwance. Wato dutsen ado mai girman gujjiya kaɗai ya isa ya cinye fiye da rabin ƙarfin injin wat 60 wajen riƙe zafinsa kawai, balle bututu mai kaurin babban yatsa. Kilo ɗaya na gas ɗin girki kuwa zafin da ke cikinsa sai injin nan ya yi sama da awa 200 yana aiki kafin ya fitar da kwatankwacinsa. Gaskiya ne mafi yawan zafin harshen wuta iska yake bi, amma wannan asarar ita ce rufin asirin aikin, ita ke lulluɓe bututun gaba da baya ta ɗumama kewaye yadda ba inda zai ji an bar shi a baya. Kai ma ka sani, kafin ka shiga tsakiyar wuta sai ka ɗan kaɗa gilashin a gefe ya saba, in ka gama ma sai ka mayar da shi baya a hankali. Masagan Bida da ke narka kwalabe suna yin awarwaro da duwatsun wuya tun kaka da kakanni da murhun ƙasa da itace da zugazugi suke yi, kuma sirrin ɗaya ne, zafin ya game jiki.

Ga kuma hannu. Aikinka juyawa ne da yatsu ba tsayawa, da hurawa da baki, da kallon yadda gilashin ke rinjaya. Injin ƙaninka akwati ne mai murfi, hasken daga sama yake saukowa gefe ɗaya, in kace za ka buɗe ka zura hannu ka riƙa juyawa toh ka shiga gonar wutar da baka ganinta, wadda ke iya dawowa daga jikin ƙarfe mai sheƙi ta samu ido, kuma gilashin idon da kake sawa don tare hasken nan ruwan ɗorawa na wutar gas ba don wannan aka yi shi ba. Wallahi kar ka gwada.

A ina leza ta fi wuta? Inda abin ya yi siriri ƙwarai kuma ake son a maimaita shi sau dubu iri ɗaya. Akwai na'urar kamfanin Sutter mai suna P-2000 da masu bincike ke jan bututun kwaz (wani irin gilashi mai jure zafi ƙwarai) da ita ya koma allura mai tsinin da sai da madubin likita ake gani, da leza take aiki saboda kwaz sai ya haura digiri 1,600 yake laushi. Akwai injinan haɗa zaren gilashi na intanet masu leza, haka ma masana'antun fuskar waya suna yanka siririn gilashi da wata irin leza mai ƙyaftawa cikin ƙanƙanin lokaci. Duk cikinsu inji ne ke riƙe kayan, kwamfuta ke auna zafin, kuma kuɗinsu ba na shagon Wunti bane. Abin dariyar ma, in ka buɗe bayan injin ƙaninka za ka ga dogon bututun gilashi mai hawa uku da ruwa ke zagayawa a ciki, daga nan hasken ke fitowa, kuma wannan bututun da harshen wuta aka haɗa shi.

Maganar oksijin ita ce ainihin ciwon, ita za mu yi wa magani. Masu wannan sana'a a waje da yawa sun bar tukunya sun koma na'urar nan mai tace oksijin daga iska, irin ta marasa lafiya, mai lita 5 ko 10 a minti. Tana riƙe ƙaramin bakin wuta lafiya lau, sai dai tana son lantarki tsayayye, ka duba ko inbata ko janaretonku zai ɗauka. In kuma tukunyar za ka ci gaba da ita, ɗaure ta da sarƙa a bango, ta gas ɗin ta zauna a waje, ka saka abin hana wuta komawa baya a kan tiyo biyun, kuma ko kusa kar mai ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin. Bututun gilashi mai saurin laushi irin na kwalba ma ai baya buƙatar oksijin, fitilar Bunsen, wato ƙaramar fitilar gas ta lab, ta ishe ka lanƙwasa shi. Sai dai kar ka haɗa shi da na Pyrex, zafi yana miƙar da shi kusan ninki 3 na wancan, ko sun manne a wuta za su rabu in sun huce. In kana son ƙarin ilimi, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tana da sashe guda na fasahar gilashi.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ina Gombe ne, unguwar Pantami, ina yin kayan rabon biki. Na sayi ƙaramar leza mai shuɗin haske, tana zana katako da fata da kyau amma kofin gilashi ko gezau, sai ma ta ƙona mini teburin da ke ƙasa. An cuce ni ne?

AMSA: Hajiya ba a cuce ki ba, halinta kenan. Shuɗin haske ido yana ganinsa, kuma duk hasken da ido ke gani ratsa farin gilashi yake ya wuce abinsa, shi ya sa teburinki ya sha. Dabarar ita ce ki shafe wurin da baƙin fenti mai wankuwa, siriri kuma bai ɗaya, ki bari ya bushe sarai sannan ki zana. Fentin ne zai sha hasken ya yi zafi, zafin ya ɗan farfasa fatar gilashin, in kin wanke sai ki ga rubutu fari kamar an barbaɗa gishiri. Ki fara gwadawa a kwalbar lemo har ki gane gudu da ƙarfin da ya dace, kar ki fara da kofin amarya. Kofi mai zagaye yana son abin juyawa da ake sayarwa daban, in babu sai ki tsaya ga ƙaramin rubutu a tsakiya don gefe zai fito a dushe. Kuma dan Allah ki riƙa saka gilashin idon da aka yi don shuɗin haske, yara su fita daga ɗakin, ki buɗe taga, sannan kar ki kuskura ki ƙona roba irin ta bututun ruwa ko ledar tsakar ɗaki, hayaƙinta guba ne kuma yana cinye ƙarfen injin.

TAMBAYA: Oga ni mai aikin tagogin almini ne a Jekadafari, leza za ta yanka mini gilashin mili 5 ko na mota?

AMSA: Irin ta shagunan zane ba za ta yanka ba maigida, tsaga shi za ta yi ta inda ta ga dama. Abin yankanka mai ƙaramar taya da ɗan kananzir a baki ya fi ta sauri da tsafta. Gilashin gefen mota da na ƙofofin manyan shaguna kuwa an riga an gasa shi an sanyaya da iska lokaci ɗaya, ba a yanka shi da komai, kana ratsa fatarsa zai tarwatse ya koma tsakuwa. Awo ake bayarwa tun farko, a yanka a huda ramuka sannan a kai shi tanderu.