Yadda za a ci moriyar amsoshin ma'aikata bayan an tara su

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce makarantarku mai zaman kanta da ke nan Zariya tana raba wa ma'aikata takardar jin ra'ayi duk ƙarshen shekara, a tara amsoshi, a fitar da maki guda ɗaya a kai wa mai makaranta, amma malamai ba su fasa ajiye aiki ba, shi ya sa kike tambaya ko akwai yadda za a yi nazarin bayanan har su yi amfani. Na daɗe ina wannan aiki a ɓangaren kula da ma'aikata, kuma a ganina matsalarku ba ta cikin takardar, tana cikin wannan maki guda ɗaya da kuke tsayawa a kansa.

Galibin irin waɗannan takardu suna bin ma'aunin da wani masani ɗan Amurka, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932, inda mutum ke zaɓa daga 1 zuwa 5, wato daga rashin yarda sam zuwa cikakkiyar yarda. Idan aka haɗa amsoshin kowa aka fitar da matsakaici, to an binne abin da ake nema. A ce sashe biyu kowanne ya sami 3: a na farko kowa 3 ya zaɓa, a na biyu kuwa rabi sun zaɓi 5, rabi sun zaɓi 1. A lissafi sun zo daidai, amma sashe na biyu ya rabu gida biyu, kuma daga cikinsa masu tafiya za su fito. Kamar a ce gida ɗaya ya yanka rago, maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, sannan a rubuta cewa kowane gida ya ci rabin rago. Abin da ya kamata shi ne ki ɗauki kowace tambaya, ki ƙirga kason waɗanda suka zaɓi 4 da 5 da kuma na waɗanda suka zaɓi 1 da 2, sannan ki rarraba bisa sashe: firamare, sakandare, Islamiyya, direbobi, masu gadi da masu shara. Ki sake rarrabawa bisa daɗewa a aiki, domin abin da ke damun wanda bai cika shekara biyu ba ya sha bamban da na wanda ya shekara goma yana jiran ƙarin girma.

Akwai kuma abin da tsarin da aka kwafo daga Amurka ba ya lura da shi, wato kunya da kara irin namu. Mutumin nan da za ka tambaya yaya aiki ya ce da godiya ko da wata biyu ba a biya shi ba, da wuya ya rubuta a takarda cewa shugabansa ba ya kyauta masa. Saboda haka ni ba na ɗaukar 3 a matsayin tsaka-tsaki, sau da yawa ƙorafi ne da aka lulluɓe da ladabi. Maimakon ki dubi girman makin shi kaɗai, ki jera tambayoyin daga wadda ta fi samun yarda zuwa wadda ta fi ƙaranci, domin wadda ta faɗo ƙasa a wurin mutanen da suka yaba komai ita ce ainihin maganar. Haka kuma tambaya a kan abu ta fi tambaya a kan mutum samun gaskiya. Kamfanin Gallup, mai binciken jin ra'ayin jama'a, yana da sanannun tambayoyi 12 da ake yi wa ma'aikata, kuma na farkonsu suna neman sanin ko ma'aikaci ya san abin da ake so ya yi, da ko yana da kayan aikin da yake buƙata. Irin wannan malami zai amsa ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba.

Inda na fi ganin amfani shi ne haɗa amsoshin da bayanan da ke cikin ofishinku tun tuni: rajistar sa hannu da safe, takardun neman izini, da jerin waɗanda suka bar aiki. Ki ɗora makin da kowane sashe ya bayar bara kusa da yawan waɗanda suka tafi daga sashen bana, ki ga wace tambaya ce ta riga ta nuna alamar. A wani wuri da na yi aiki, an daɗe ana ɗora makara a kan rashin son aiki, sai da aka ware masu makarar bisa unguwa aka ga yawancinsu daga nesa suke tahowa, irin su Shika da Samaru, alhali makinsu a tambayar son aiki bai gaza na kowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024 ya sauya abin da malamin makarantar kuɗi yake auna kansa da shi. Don haka idan makin tambayar albashi ya faɗi a tsakanin waɗannan shekaru, kada a yi saurin ɗora laifin a kan shugaban sashe. Kada kuma a manta cewa tafiyar mutum biyu daga sashen mutum shida ba hujja ba ce, dalili ne kawai na zama a yi magana da su.

Waɗanda ba su amsa ba su ma bayani ne. Idan masu gadi da masu shara ba su mayar da takarda ba, ki bincika ko da Turanci aka rubuta ta. A mayar da ita Hausa, wanda ba ya karatun boko kuma wani daga waje ya karanta masa, ba shugabansa ba.

Duk wannan rarrabawa tana da haɗari ga sirri. Kada a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum 5 ba, a haɗa shi da wani, domin idan aka ce mace ce, a sashen kimiyya, mai shekara takwas a aiki, kowa ya san ko wace ce. Rubutun hannu ma yana tona mutum, shi ya sa na fi son manhajar cike amsa ta waya ko kwamfuta, irin Google Forms, muddin an kashe karɓar adireshin imel, ko KoboToolbox da ke aiki ko babu intanet. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wannan nauyi a kan duk mai tara bayanan wasu. Batun lissafin kuwa, Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, ya isa. Idan kina son taimako akwai ɗaliban ƙididdiga a Jami'ar Ahmadu Bello, sai dai ki cire duk abin da zai nuna mutum kafin ki miƙa musu.

Bayan haka ki kai sakamakon gaban ma'aikatan a taronsu, har da ɓangaren da bai yi wa hukumar makaranta daɗi ba, a zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a iya gyarawa cikin zangon karatu guda, a faɗi wanda aka ɗora wa alhakin. Idan za a sake tambaya, a bar kalmomin yadda suke, a kuma kauce wa makon jarrabawa da lokacin da albashi ya makara, in ba haka ba ba za a iya kwatanta bana da bara ba.