Tambayoyinku: Wai kuɗin “dimokuraɗiyya” da Trump ya yanke, na wa ne kuma ina suke zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, rediyo a kunne take a shagona tun safe har dare. Tun da Trump ya dawo nake ta jin wai ya yanke kuɗin tallafin dimokuraɗiyya da na yaƙi da cin hanci da na haƙƙin ma'aikata a ƙasashen duniya. Ni dai ban taɓa ganin ko sisi ba. Abokina kuma ya ce duk kuɗin leƙen asiri ne, gara da aka yanke. Dan Allah su wa ke bayarwa, kuma yankewar ta shafe mu?

AMSA: Wa alaikumus salam maigida, Allah ya ƙaro kwastomomi. Ba za ka ga sisi ba kam, don ba irin tallafin da ake rabawa a buhu ba ne. Kuɗi ne da ake biyan masu sa ido a rumfunan zaɓe, da 'yan jarida masu bin diddigin kwangila, da lauyoyin ƙungiyoyin ƙwadago, sai kuma taruka a otal-otal na Abuja, waɗanda ni ma wallahi wasunsu ban ga amfaninsu ba in ban da shayi da kuɗin mota.

Manyan hanyoyin kuɗin a Amurka guda biyu ne. Ta farko USAID, hukumar tallafa wa ƙasashen waje da shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ita kafin a rufe ta yawancin aikinta lafiya ne da abinci, dimokuraɗiyya wani ɗan yanki ne a ciki. Sai NED, gidauniyar tallafa wa dimokuraɗiyya da aka kafa a 1983 zamanin Reagan, majalisar dokokinsu ke ba ta kuɗi, a 'yan shekarun nan wajen dala miliyan 315 a shekara, ita kuma ta raba wa ƙananan ƙungiyoyi a duniya da wasu cibiyoyi huɗu: NDI mai alaƙa da jam'iyyar Democrat, IRI ta 'yan Republican, CIPE ta 'yan kasuwa, da Solidarity Center ta ƙungiyar ƙwadagon Amurka. Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi kenan, Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kafin watan Maris ya ƙare sakataren harkokin wajensu Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID, zuwa Yuli kuma an rufe ta gaba ɗaya an mayar da ragowar ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. NED ma an riƙe mata kuɗi sai da ta kai gwamnati kotu. Kuma ba Amurka kaɗai ba ce fa, Ingila ma ta ce za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 na abin da ƙasar ke samu zuwa 0.3 don ta ƙara wa sojoji. Duk tallafin wajen Amurka ɗin nan da ake ta hayaniya a kai, kafin a yanke shi ma wajen kashi 1 cikin ɗari ne na kasafin kuɗinta.

To abokinka, ba zan ce ya yi ƙarya gaba ɗaya ba. Allen Weinstein, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara NED, da bakinsa ya faɗa wa jaridar Washington Post a 1991 cewa da yawa daga abin da suke yi a fili, hukumar leƙen asirin Amurka CIA ce ke yin sa a ɓoye shekara 25 baya. Kuma kowa ya ga yadda sojoji suka kifar da Mursi a Masar a 2013 amma Amurka ta ci gaba da ba sojojin nan wajen dala biliyan 1.3 duk shekara, sai ɗan jan ƙafa da aka yi na wani lokaci. Ashe dimokuraɗiyyar tana da inda ake son ta da inda ake kau da kai. Ba don Allah suke bayarwa ba, muradinsu suke karewa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa za ka ga ƙungiya bana tana maganar zaɓe, baɗi ta koma sauyin yanayi, duk inda kuɗin ya juya nan take juyawa.

Amma cewa “gara da aka yanke” ɗin nan, a nan na rabu da shi. Tambaye shi, titin Abuja zuwa Kano da ya bi ta Zariyarku, da wane kuɗi aka yi wani sashe na aikin? A 2020 an dawo wa Najeriya da dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka ɓoye a tsibirin Jersey, aka yi yarjejeniya a rubuce cewa titin nan da na Legas zuwa Ibadan da gadar Neja ta biyu za a zuba su. Waɗanda suka bi sawun kuɗin suka kai ƙara har kotu ta ƙwace, lauyoyin wani sashe ne na ma'aikatar shari'ar Amurka da aikinsu kenan, farautar dukiyar da shugabanni suka sace suka kai waje. A Fabrairun 2025 ministar shari'arsu Pam Bondi ta rusa sashen. Yanzu ka faɗa min waye ya yi murna da wannan, kai tela ko wanda ya sayi gida a can da kuɗin asibitin garinku?

Haka dokar nan tasu ta 1977 da ta hana kamfanoni ba jami'an wata ƙasa cin hanci. Da ita aka kama badaƙalar kamfanin Amurka Halliburton, inda wasu kamfanoni huɗu suka haɗa kai suka ba da toshiya wajen dala miliyan 180 don samun kwangilar gas ta tsibirin Bonny, a 2009 Halliburton da tsohon reshensa KBR, wanda ke cikin huɗun, suka biya tarar dala miliyan 579, tsohon shugaban KBR ɗin kuma ya tafi gidan yari. Mu nan da aka ci kuɗin a ƙasarmu, manyan da suka karɓa har yau suna yawonsu. Ita ma dokar Trump ya dakatar da aiki da ita a Fabrairun 2025 yana cewa tana takura wa 'yan kasuwar Amurka, daga baya aka dawo da ita amma an rage mata ƙarfi.

Saboda haka e, ta shafe ka, ko da ba ta aljihu ba. Duk zaɓen da aka yi ka ji wata ƙungiya ta ce mun tura mutane rumfuna kaza mun ƙirga da kanmu sakamakon INEC ya yi daidai ko bai yi ba, kuɗin motar yaran nan da katin wayarsu yawanci daga waje yake zuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne muna da attajiran da za su iya ɗaukar nauyin wannan aikin ba tare da sun ji a jikinsu ba, amma wa zai biya kuɗin binciken gwamnan da gobe zai je neman fili a wajensa?

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce a zango a Kumasi. Na ji an ce har da na yara masu aiki a gonakin koko aka yanke, gaskiya ne? Kuma ƙungiyoyin ƙwadagonmu za su mutu kenan?

AMSA: Malama ina amsawa, ya ɗalibai? Gaskiya ne. A Maris 2025 ma'aikatar ƙwadagon Amurka ta soke tallafi na sama da dala miliyan 500 da wani ofishinta ke bayarwa don yaƙi da bautar da yara da aikin tilas a ƙasashe da dama, har da na koko a Afirka ta Yamma. Ghana da Kodebuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma binciken da wannan ma'aikatar ta biya aka fitar a 2020 ya gano yara wajen miliyan ɗaya da rabi suna aikin da bai kamace su ba a gonakin ƙasashen biyu, sara da adda, ɗaukar kaya masu nauyi, feshin magani. Kin ga kenan bayan kusan shekara ashirin ana zuba kuɗi matsalar ba ta kau ba, don tushenta talaucin manomi ne, mutumin da kuɗin kokonsa bai isa ya ɗauki lebura ba ɗansa zai ja zuwa gona, ko an yi masa wa'azi sau nawa. Amma akwai inda abin ya yi aiki. A Uzbekistan gwamnati ce da kanta ke kwashe ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti ta kai su tsintar auduga dole, aka yi ta matsa mata da ƙaurace wa audugar da tura masu sa ido na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, har a 2022 aka janye ƙauracewar saboda an tabbatar tsarin ya tsaya.

Maganar ƙungiyoyin ƙwadago kuma ki kwantar da hankalinki, manyan ba da kuɗin Turawa suke rayuwa ba, da ɗan abin da ake cira a albashin mambobi duk wata ne. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Najeriya a Yulin 2024, yajin aikin manyan ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar, NLC da TUC, ne ya kawo shi, har wutar ƙasa suka kashe. Waɗanda za su ji jiki su ne marasa albashin da za a cira a ciki, 'yan aikatau na gidaje, 'yan dako a kasuwa, masu ɗinki a masana'antun Bangladesh da ake kora da zarar an ji suna maganar kafa ƙungiya. Su ne irin su Solidarity Center ke biya wa lauya da kuɗin hayar ɗakin taro.