Wasiƙar mai masauki ba biza ba ce

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce wasu mutane da ke zaman tare a wani ƙauyen Turai suna neman mai taya su gyaran gidaje da lambu, su ba shi ɗaki da abinci, kana tambaya ko ta nan za ka shigo. Ba kai ne farkon wanda ya turo mini irin wannan ba.

Tsarin ba damfara ba ne. WWOOF, shirin da ke haɗa masu aikin sa-kai da masu ba su masauki a gonaki, tun 1971 aka fara shi a Ingila, ga kuma makamantansa, Workaway da HelpX. Amma kai za ka biya kuɗin rajista, da na jirgi, da inshora, ka yi aikin kamar awa biyar a rana, kwana biyar a mako. Albashi babu. Biza ma babu wanda zai ba ka cikinsu. Ƙasashe da yawa na ɗaukar aiki a bakin ci da kwana a matsayin aiki sosai, wanda bizar yawon buɗe ido ba ta halatta ba. Birtaniya kwana 30 kacal ta yarje wa baƙo, shi ma sai da ƙungiyar agaji mai rajista. Yaran da kake gani a hoto suna dariya da shebur, fasfonsu daban da naka.

Ni na zauna a irin wurin nan a Jamus. Faskaren itace, juya taki, wanke banɗaki, fenti cikin sanyi, duk ba su dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne taronsu. Komai sai an zauna an tattauna, har wanda zai kwashe shara, a yi ta cewa duk ɗaya muke. Da aka zo rabon aiki, mai wuyar nawa ne, kuma ba ni da ta cewa tunda ba ɗan gida ba ne. Ranar hutuna ma a ƙwanƙwasa ƙofa wai famfo na yoyo. Za ka ƙi? Makwancinka na hannun wanda kake wa aiki. Kuka saɓa, ka rasa biyun rana guda, a wurin da ko motar haya sai ka yi da gaske.

Duk da haka, a can bakina ya buɗe da Jamusanci, kuma gyaran famfon nan ne ya kai ni ga koyon sana'ar da nake ci da ita yau. Da gumina na samu, ba kyauta ba.

In da gaske kake, nemi BFD, shirin sa-kai na gwamnatin Jamus da aka soma a 2011, ko FSJ, irinsa na matasa, in ba ka kai shekara 27 ba. Su akwai kwantiragi, da kuɗin kashewa, da inshorar lafiya, kuma ana neman biza da su. Ka sa a rubuta maka awannin aiki da ranakun hutu tun kafin ka amsa. Kada ka ba wani dillali ko sisi. Sannan ka shiga ajin Jamusanci tukuna, sai mu sake magana.