Ƙanina Soja Ya Rasu a Fagen Daga, Ko Za Mu Kira Shi Shahidi?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Ƙanina sojan ƙasa ne, an kashe shi a Borno ranar da 'yan Boko Haram suka afka wa garin da suke gadi. Abokan aikinsa sun ce bai ja da baya ba har mutanen gari suka samu suka fice. A Maiduguri aka binne shi, daga baya aka aiko mana da lambar yabo. Innarmu ba ta kiransa da komai sai shahidi, kuma tana so a riƙa yanka rago duk ranar da ya cika shekara. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba Inna haƙurin rashinsa.

Ɗan'uwa, kyakkyawan zato gare shi yana da madogara. Tirmizi ya ruwaito daga Sa'idu bin Zaidu cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa, ko jininsa, ko iyalinsa, ko addininsa, shahidi ne. To ina ga wanda ya ba da ransa don matan wasu da 'ya'yansu su tsira?

Amma fata daban, yanke hukunci daban. Bukhari ya ƙulla babi guda a kan kada a ce wane shahidi ne, domin shahada tana rataye da niyya, ita kuwa niyya a zuci take. Hadisin da ke sa ni tsoro a nan shi ne na Abu Huraira a Muslim: za a kawo wanda aka kashe a yaƙi, ya ce don Allah ya yi, a ce masa ƙarya ne, ka yi ne don a ce jarumi, kuma an faɗa. Saboda haka ku ce "muna fatan Allah Ya karɓi shahadarsa". Inna kuma kada a yi mata gyara da kaushi. Uwa ce mai ciwo a zuciya, a lallaɓa ta.

Lambar yabo ku adana ta, ba laifi. Yabon jarumta ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Bayan yaƙin Zu Ƙarad, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce mafificin mahayan dawaki a ranar Abu Ƙatada ne, mafificin dakarun ƙasa kuma Salamatu bin Akwa'i. Ku ba 'ya'yansa labarin ubansu. Bikin 15 ga Janairu da gwamnati ke yi wa 'yan mazan jiya kuwa al'adar ƙasa ce, ba ibada ba.

Sadaka tana isa ga mamaci, babu shakka. Abin da ban ga asalinsa ba shi ne ware mata ranar rasuwa duk shekara. An kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, Ja'afar a Mu'uta, ba a tsayar musu da irin wannan rana ba. A yanka ragon duk lokacin da aka samu hali.

Sai abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi komai gaggawa: bashi. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kowane zunubi ban da bashi. Soja yakan bar gida ba shiri. Ku tambayi matarsa, ku je wurin mai shagon da iyalinsa ke karɓar kaya, ku binciki kuɗin taki ko adashen da bai gama zubawa ba. A biya daga abin da ya bari kafin a raba gado ko da ƙwandala.

Wallahu a'alam.