Sunan da kika gani a takardar jikanki

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Allah Ya raya mana wannan angon naki, Ya yi masa albarka.

Kin tambaye ni mene ne "Ansgar" ɗin nan da kika gani a takardar haihuwar yaron, biye da sunan marigayi Baba, kuma ko sunan wani addini aka laƙaba wa jikanki. Ba ke kaɗai ke wannan tambaya ba. Duk gidan da ɗanmu ya auri Bajamushiya, sai an aiko da irinta daga gida, shi ya sa na ga gara in amsa miki a inda wasu ma za su karanta.

Ki fara kwantar da hankalinki a kan abu ɗaya: sunan yankan yaron nan sunan Baba ne. Da shi aka yi masa huɗuba, da shi aka raɗa suna ran bakwai bayan sallar asuba, kuma ragon da aka yanka a ƙofar gidanki da wannan sunan aka yanka shi. Haka yawancinmu muke yi a nan Hamburg. Dokar Jamus ba ta yarda mutum ya kayar da rago a tsakar gida haka kawai ba, yanka ba tare da an sumar da dabba ba kuma sai da izini na musamman, don haka sai mu aika kuɗi gida a yanka a raba wa dangi da maƙwabta. Taron suna kuwa mu kan ɗaga shi zuwa Asabar ko Lahadi, lokacin da mutane ba sa wurin aiki, a masallaci ko a zauren haya. 'Yan'uwanmu na zangon Ghana da Togo da na Nijar su ne suka fi cika wurin, a raba dabino da goro, a yi addu'a.

Na biyun, Ansgar, sunan kakan yaron ne na wajen uwa. Jamusawa sun saba ba yaro suna biyu ko uku, kuma sau da yawa na bayan na kaka ne ko na wani babba a dangi. Takwara ke nan, irin tamu. Uwar yaron ta yarda sunan kakan mijinta ya zo a gaba, ta roƙi na mahaifinta ya biyo baya. Ni dai ban ga ta inda za a ce mata a'a ba tare da an ɓata zumunci ba.

Amma tunda ma'ana kika tambaya, ba zan ɓoye miki komai ba. Tsoffin sunayen Jamusawa galibi kalma biyu ake haɗawa. Friedrich zaman lafiya ne da mulki, Gerhard mashi ne da ƙarfi, Bernhard kuma sunan wata dabbar dawa ce mai ƙarfi aka haɗa da jarumta. Mutanen yaƙi ne, sunayensu cike suke da mashi da garkuwa da kerkeci. Ansgar ma haka yake: "gar" shi ne mashi, "ans" kuwa abin bauta ne, daga cikin waɗanda kakanninsu ke bauta wa kafin Kiristanci ya iso musu. Wato mashin abin bauta. Mutanen Nowe da Aisland suna da ɗan'uwansa, Asgeir.

Abin da ya raya sunan har yau wani malamin coci ne da aka haifa a 801 kusa da Amiens, a ƙasar Faransa ta yanzu. Ya tashi a gidan ibada na Corbie, daga nan aka tura shi Corvey a ƙasar Jamus. A 826 ya bi wani sarkin Denmak da ya karɓi Kiristanci zuwa arewa don wa'azi, bayan 'yan shekaru ya ƙetara har Birka a Suwidin. A 831 aka ba shi shugabancin cocin Hamburg. A 845 mayaƙan teku na arewa, waɗanda ake kira Bikin ko Viking, suka faɗa wa garin suka ƙone shi, ya tsira da ƙyar, ya koma Bremen inda ya rasu a 865. Kiristoci na kiransa manzonsu na ƙasashen arewa, suna tunawa da shi ran 3 ga Fabrairu. A nan Hamburg akwai mutum-mutuminsa a kan wata tsohuwar gada ta tsakiyar gari, akwai coci da makarantar sakandare masu sunansa. Wannan ne ya sa sunan ya fi zama a gidajen Katolika na arewa da yammacin Jamus, irin gidan da surukarki ta fito.

To a nan ne mu kanmu muka rabu biyu, kuma an sha tafka muhawara a kai bayan sallar Juma'a. Wasu na cewa sunan da asalinsa ya taɓa abin bauta, kuma ya shahara ta hanyar mai wa'azin wani addini, bai kamata ya hau takardar ɗan Musulmi ba ko da a na biyu ne. Suna kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya canja wa sahabbai sunaye, kamar Abdurrahman bin Auf, wanda ba sunansa ke nan ba a jahiliyya. Wasu kuma na cewa sunayen da aka canja su ne masu nuna bauta ga wanin Allah ko masu mummunar ma'ana, kuma Bajamushen yau in ya ji Ansgar ba wani gunki da ke zuwa masa a rai, kawunsa ko malaminsu na firamare yake tunawa. Ra'ayina, da ni aka yi wa shawara tun farko, da na ce a duba cikin dangin uwar ko akwai wani suna mai ma'ana mara ƙura, irin Friedrich ɗin nan. Amma da yake sunan mahaifinta ne, kuma mutumin kirki ne da ya karɓi ɗanki hannu biyu, ba zan goyi bayan a tayar da rigima a gidan yara saboda shi ba. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa, ki gaya masa ma'anar yadda na faɗa miki, kada a rage kada a ƙara.

Game da yawansa, sunan ba ya cikin na yayi. Bayan yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun ja baya daga tsoffin sunayensu sannu a hankali. Adolf ya kusan ɓacewa ɗungurungum saboda dalilin da kowa ya sani, su Gerhard da Helmut kuma suka zama sunayen tsofaffi. Akwai wata ƙungiyar kula da harshen Jamusanci a Wiesbaden da ke fitar da jerin sunayen jarirai kowace shekara. A 'yan shekarun nan Noah ne ke kan gaba a na maza, wato Nuhu, Elias ma, Iliyasu namu, yana cikin na sahun gaba. A Berlin kuwa, a 2018, Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunan farko na yara maza in aka haɗa duk yadda ake rubuta shi. Saboda haka a ajinsu na makaranta zai fi sauƙi a samu mai sunan Baba a kan a samu Ansgar na biyu. Wanda samari suka sani da sunan shi ne Ansgar Knauff, ɗan ƙwallon da aka haifa a Göttingen a 2002, uwarsa Bajamushiya, ubansa mutumin Ghana. Shi ya ci Barcelona ƙwallo a 2022, shekarar da Eintracht Frankfurt ta ɗauki kofin Europa. Yaran gidanki masu kallon ƙwallo za su san shi.

Akwai kuma wani dalili da ba mu cika faɗa muku ba, don kada ku damu. Mai neman gidan haya ko aiki a ƙasar nan, sunansa ake fara gani kafin fuskarsa, kuma da yawa daga cikinmu mun ga yadda takarda mai baƙon suna ke kwana ba amsa. Iyaye na sa sunan Jamusawa a na biyu ne don ya zama wa yaro guzuri. Ba na jin daɗin cewa haka lamarin yake, amma ba na zargin uban da ya yi wa ɗansa wannan tanadi.

Ta fuskar hukuma, ana kai rahoton haihuwa ofishin rajista, Standesamt, cikin mako guda, suna kuma ana da wata guda a bayar da shi, don haka ba ya karo da ranar sunanmu. Tun 2018 doka ta ba mai suna fiye da ɗaya damar sauya jerinsu a wannan ofishi, amma cire suna gaba ɗaya abu ne mai wuya, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Yadda aka rubuta yanzu, na Baba ne a gaba, shi likita zai kira, shi malamar makaranta za ta kira. A gida kuwa Abba muke ce masa, har uwar tasa, tun da aka yi mata bayanin cewa ke ba za ki iya kama sunan mahaifinki ba.

Ki gaida Inna da yara. In Allah Ya kai mu hutun bazara suna da niyyar kawo miki shi ki gan shi.