Kile ɗina ya kamu da bairos, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne nan Maradi, unguwar Zariya. Na kai kile USB ɗina wani shagon buga takardu bakin babbar kasuwa, da na dawo gida na saka shi cikin ordinata sai na tarar duk fayilolina sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a gefe. Aikina ya ɓata kenan?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, galibi suna nan, ɓoye su aka yi. Shi bairos wani ɗan ƙaramin shiri ne da mutum ya rubuta, aikinshi ya kwafi kanshi ya manne a wani wuri, to injin shagon nan da kile ɗari ke shiga kullum ai kamar randar masallaci ce, kowa da kofinshi, kana sakawa ya haye naka ya ɓoye fayilolin ya aje masu kibiyar nan a madadinsu, kai kuma da ka danna ɗaya ka tashe shi ya shige injinka. Wannan hanya tsohuwa ce fa, wani bairos mai suna Brain na 1986 daga Lahore ta Pakistan ta faifan fulofi, abin aje fayiloli na da, ya yaɗu.

Kar ka ƙara danna komai. Sabunta Windows Defender, shirin maganin bairos da ke cikin Windows, ka bincike kile ɗin, sannan ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ka kwashe naka, ka yi ma kile ɗin fomat, wato ka goge duk abin da ke cikinshi. Gobe in za ka buga takarda, tura ma mai shagon ta WhatsApp, amma PDF.