Tambaya da Amsa: Oga ya ce mu kwashe fayilolin ofis zuwa intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ce a wani ofishin lauyoyi a Kano. Tun kafin in fara aiki a nan ake amfani da wata tsohuwar manhaja da ke kan kwamfuta ɗaya a ɗakin akawu. Sunayen waɗanda muke wa aiki, ranakun zaman kotu da lissafin kuɗi duk a cikinta suke. Kwamfutar Windows 7 ce, wanda ya saka mana manhajar kuma ya daina ɗaga waya. Oga ya ce in nemo wadda ke aiki ta intanet mu kwashe komai can. Tsorona biyu ne: sirrin mutane, da kada wani abu ya salwanta a hanya. Barista, daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Barista. Oga ya yi gaskiya. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, don haka sirrin nan da kike tsoro, inda yake zaune yanzu ya fi haɗari. Yau ɗin nan a kwafi abin da ke cikin kwamfutar a faifai biyu, ɗaya ya kwana a wajen ofis.

Tsoronki na biyu shi ne mai nauyi, a kansa zan fi tsayawa. Zaɓen sabuwar manhaja ba wuya. Wahalar tana wajen fito da bayanai daga tsohuwar, yawanci zuwa teburin Excel, sannan a zuba su a sabuwar, kowanne a gurbinsa. Kuma ba kasafai abu ke ɓacewa ɗungurungum ba. Juyewa yake yi ba tare da kowa ya lura ba.

Ɗauki kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa, sannan wata. Amurkawa wata suke farawa da shi, manhajoji da yawa kuma a tsarinsu suke zuwa in ba a sauya ba. Sai 03/04 ɗinki, uku ga Afrilu, ya koma huɗu ga Maris, ko akasin haka. Abin haushin, duk ranar da ta wuce 12 ga wata takan fito daidai ko a ƙi karɓarta, sai mai dubawa ya ga wasu sun yi kyau ya ɗauka duka lafiya. Kin fi ni sanin cewa kwana 14 kacal ake da shi na ɗaukaka ƙara daga babbar kotu kan hukuncin wucin gadi, wata uku kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba. Saboda haka duk shari'ar da ke gudana, a zauna da littafin ranakun kotu na takarda a bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada a ɗauki goma a ce sauran ma haka suke.

Sai sunaye. Na tabbata in kin buɗe jerin za ki tarar da mutum ɗaya sau uku: Muhammad, Mohammed, Muhammadu. A gyara wannan kafin a tashi, domin da jerin nan za ku riƙa duba ko sabon mai ƙara yana rikici ne da wanda kuka taɓa wakilta. A kuma duba sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ, tsofaffin manhajoji sukan mayar da su alamar tambaya.

Kuɗin mutane da ke hannunku kuwa, akawu ya fitar da abin da kowa ke da shi a ranar rufe tsohuwar manhajar, a gwada da takardar banki, a sake gwadawa da abin da sabuwar ta nuna. In an sami bambancin kobo ɗaya, ba a gama ba.

Shari'o'in da aka rufe shekara da shekaru ba sai kun sha wahalar tsara su ba, a adana su yadda suke. Wanda zai tashi daga gida ba ya ɗaukar tsummokaran da ke bayan ɗaki ya jera a sabon falo.

Game da sirri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta hana ajiya a intanet ba, amma alhakin yana nan a wuyanku ko da wani kamfani ne ke riƙe da bayanan. Tana son rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku da shi, ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje, kuma in aka yi kutse mai haɗari, sa'o'i 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. To ki tambayi masu sabuwar manhajar a rubuce: a wace ƙasa rumbun da kuke ajiye bayanai yake? Ni dai a ganina, ɓarakar ta fi zuwa daga cikin gida. Kowa ya sami lambar shigarsa shi kaɗai, da lamba ta biyu da waya ke bayarwa, kuma ranar da mai yi wa ƙasa hidima ya gama shekararsa a rufe tasa.

Tambayar da masu talla ba sa so ita ce: in mun fasa, yaya za mu kwashe kayanmu? A wane tsari, har da takardun da muka ɗora, kuma nawa za mu biya? Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ki bar shi. Halin da kuke ciki yau ke nan da mutumin da ya daina ɗaga waya. Ki kuma lissafa kuɗin da kyau: manhajojin waje irin su Clio da dala suke karɓa, kowane ma'aikaci kowane wata, kin kuwa ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Akwai na gida masu karɓar naira, a gwada su ma.

Lokacin tashi shi ne dogon hutun manyan kotuna, wajen Agusta. A fara gwaji da fayiloli kaɗan, sannan a tsayar da rana ɗaya da za a daina rubutu a tsohuwar. Ku tanadi layin intanet biyu na kamfanoni daban, kuma kowace Juma'a a buga ranakun makon gobe a takarda. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse, har bankuna suka yi ta fama.

Tsohuwar kwamfutar kada a sayar, kada a ba wa yaron ofis. A cire ta daga intanet a kulle. Wata rana za a buƙaci takardar shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kan wata takarda da ta fito daga cikinta, kuma sai an iya faɗin wace na'ura ce ta fitar da ita da yadda take aiki a lokacin. A gaishe da Oga.